Hoton Fulai Mai Awara

Geng Fulai ɗan kawuna ne, abokin wasana, kuma duk gaɓar kogin Huai na ƙasar Sin ba a taɓa haifar matsoraci irinsa ba. Wata dinya, agwagwar nan mai dogon wuya, ta taɓa kora shi har kan bishiya, ya yini a can yana ba ta haƙuri. Awara yake yi. Kullum hannunsa a cikin ruwan wake, ya yi fari fat kamar na gawa.

Da ya tashi neman auren Shulan, iyayenta suka ce sai sun ga hoto. Ya tafi birnin Bengbu. A shagon mai hoto akwai kayan aro a rataye: rigar malami, rigar attajiri, da kakin hafsan Gomindan, masu mulki a lokacin. Wawan ya zaɓi kaki, da takobin katako, da hula mai tambarin farar rana wadda ta sauko masa har hanci.

"Ranka ya daɗe, Janar," na ce da ya nuna min hoton, "runduna nawa ka soya yau?"

"Rufe min baki, ɗan banza. Mata kwarjini suke so."

Aure ya ɗauru. Shulan ta gano gaskiya ranar da ta tare, ta yi dariyarta ta ɗauki rariya. Amma uwarta, Iya Meng, ta rataye hoton kusa da allunan sunayen kakanni, ko mai tallan gishiri ya shigo sai ya gani. Wai surukinta hafsa ne, hutu kawai yake yi.

A sanyin 1948 igwa ta fara ruri daga arewa. Sojojin Gomindan suka yi ta wucewa ba takalmi, suna jefa huluna a kwata, suna roƙon tsummokaran manoma. Bayansu abokan gabarsu 'yan Kwaminis suka iso. Su ba sa ɗaga murya. Tambaya kawai suke yi a hankali, kuma ba sa mantuwa.

Fulai ya cusa nasa hoton a murhu, ya ruga gidan surukai. Ƙusa kaɗai ya tarar a bango. Wani maƙwabci ya riga shi.

Aka tara mu a masussuka. Shugabar taron, Kwamared Lu, wata siririya mai tari, ta ɗaga hoton ta dubi Fulai.

"Wace bataliya?"

"Awara nake yi, Kwamared. Dubi hannuna."

Na miƙe. "Kwamared, wannan fa? Ko kaza aka yanka sai an yi masa fifita!"

Ko mutum ɗaya bai dara ba.

"Kai ne ke kiransa Janar a kasuwa?" ta tambaye ni.

Na zauna.

Aka kawo Iya Meng, kunnenta ya yi nauyi, sai da aka maimaita mata: mece ce sana'ar surukinki?

"Inna, faɗa musu!" Shulan ta ƙwala mata. "Mai awara ne, Inna!"

Tsohuwar ta dubi matan unguwarsu da ta daɗe tana yi wa fankama, ga su nan a jere sun zuba mata ido. Ta gyara wuyan rigarta.

"'Yata ba ta auri mai awara ba."

Kwamared Lu ta sa hoton a aljihu ta ɓalla maɓalli. Aka kawo igiya. Fulai ya miƙa hannu da kansa, don kada a yi masa tsawa. Da zai hau amalanke ya waiwayo ni.

"Waken da na jiƙa, ka ce wa Shulan ta tsame shi, kada ya yi tsami."

Amalanken ta nufi arewa.