Kurkununa da Matar Kafinta

Daminar da kurkunu ya kama ni, shekarata biyu ke nan da aure a Tanut. Ya fito mini a idon sawun hagu daidai lokacin da kowa ya koma gona, gida ya rage daga ni sai surukuwata, wadda idonta ya fara rauni. Ina kwance a rumfa, ƙafa a kumbure, ba abin da nake yi sai kuka da masifa. Ko kaza ce ta gitta sai na zage ta.

Bayan danganmu akwai wata mata 'yar Dahome, mijinta kafinta ne a bariki. Kiristoci ne su. Hausarta a karye take, namiji ta ce masa "ke", mace ta ce mata "kai". Wata hantsi ta leƙo ta saman danga ta ce, "Ƙanwata, kai kuka ya yi yawa. Kawo ƙafa in gani."

Ashe ciwon ya yi yawa a ƙasarsu. Kullum da safe sai ta zo da ruwa a ƙwarya ta jiƙa wurin, ta kama kan tsutsar ta naɗe a tsinke, kaɗan kawai, ta ɗaure da tsumma. Ranar da na ce ta fizge tsutsar kowa ya huta, sai ta ciro wani ɗan hoto daga bakin zanenta. Wata budurwa ce da lulluɓi, ta rungume furanni.

"Waliyiyarmu ce," in ji ta. "A Faransa ta yi zama, a gidan da mata ke keɓe kansu don ibada. Tari ya cinye ta tana yarinya, amma ba ta daina yi wa masu jinyarta wasa ba, ba ta kuma daina dogara ga Allah ba."

Na ce, "Yaya, wane abin mamaki ta yi?"

"Shara da wanki. A wurin wanki wata kullum tana fantsama mata ruwan dauɗa a fuska, ba da sani ba. Ita kuwa ko gogewa ba ta yi, don kada waccan ta ji kunya."

Na ce, "Shi ke nan?"

Surukuwata da ke gefe da tasbaha a hannu ta ce, "Gwada kwana ɗaya mu gani."

Na kuwa ɗauki alkawari a raina. Washegari surukuwata ta dama mini kunu, da yake ba ta gani sosai ta zabga masa kanwa har ya yi baƙi. Na kurɓa, harshena ya ƙone. Na tuna budurwar nan, na daure na sake kurɓa, hawaye na zuba, na ce, "Inna, ya yi daɗi."

Matar kafinta, da ta zo jiƙa mini ƙafa, ta dube ni, ta karɓi ludayin ta ɗanɗana, nan take ta furzar. Surukuwata ma ta ɗanɗana, sannan ta ce, "'Yar nan, an ce ki yi haƙuri, ba a ce ki yi ƙarya ba." Muka yi dariya har tsinken ƙafata ya kusa kwancewa. Tun farkon ciwon ban yi dariya ba sai ranar.

Daga nan na nemi abin yi a zaune. Na ce wa matan unguwa su riƙa bar mini 'ya'yansu in za su gona. Rumfata ta cika da yara, ina saƙa faifai ina ba su labari. Ƙafar ba ta daina zafi ba, wani lokaci ma in ɓata rai, amma sallata ta dawo daidai, ko da a zaune.

Tsutsar ta fito gaba ɗaya an fara yankan gero, ba ta tsinke ba. Kafinta ya sassaƙa mini sanda, na dogara har gonarmu, matarsa na riƙe da hannuna. Da mata suka hango ni suka fara guɗa, ita kuwa ta ajiye ƙwaryarta ta shiga tsakiyarsu tana rawar ƙasarsu. Sai da rana ta yi tsaka muka dawo gida, ta tsaya ta sha furar sabon gero tare da mu.