Inci Bakwai da Gwaggo Ba Ta Yanke Ba

Shagon Gwaggo Tela shi ne na uku idan ka baro gada ka kama titin kasuwa, tsakanin mai yadi da mai gyaran rediyo. Ɗaki ne ɗan tsukut: keken ɗinki na ƙafa, teburin yanka, benci guda na masu jira, sai madubin da ya tsage tun shekarar da mijinta ya rasu. Ba ta canza shi ba, tunda a cewarta har yanzu yana nuna mutum. Shekara talatin da ɗoriya tana zaune a wurin, kuma Gwaggo kowa ke ce mata, har da waɗanda suka girme ta.

Ba ta da littafin awo. Awon matan unguwar kaf a kanta yake, ƙirji da ƙugu da kafaɗa, ta san wadda ta ƙaru bayan haihuwa da wadda zaman gidan miji bai karɓe ta ba. Tef ɗinta guda ne, tsoho, ya yi laushi kamar tsumma, inci ne a gaba inci a baya. Tana da wata ƙa'ida da kowa ya sani. In rigar yara ce, takan bar rarar yadi a cikin ɗinki, don gobe a buɗe. In babba ya kawo riga a rage, ragewa take ta sa almakashi ta datse rarar, ko mai rigar na roƙo.

"Ba na ajiye yadi a cikin riga ina jiran ƙiba," haka take cewa, ba ta ko ɗaga kai.

'Ya'yanta uku, biyu maza sun yi nisa wurin aiki. Auta, mace tilo, a gindin keken nan ta girma tana tsintar fil da zura allura. Da ta isa aure ta auri wani direban babbar mota na wancan tsallaken kogi. Ba wanda ya ga abin magana, don lokacin gadar hanya ce kawai. Ƙasashen biyu aminai ne na ƙut da ƙut, sojojinsu tare suke atisaye, shugabanninsu in sun haɗu sai runguma da hoto. Bambancin da talaka ya sani guda ne: nan ana awo da inci da yadi da laba, can kuma santimita da mita da kilo. Shi ma abin tsokana ne a kasuwa, su ce mu ne 'yan da, mu ce su ne masu yawan lamba ba kaya.

Duk shekara in damina ta wuce Auta takan tako gada, ta tsaya gaban madubin, uwar ta zagaya mata tef. Ƙirji talatin da takwas, ƙugu talatin da uku. Shekara shida haka, da haihuwa biyu a tsakani, lambar ba ta motsa ba.

Sai rigimar sikeli ta taso. Motocin kaya in za su haye ana auna su a nan da laba, a sake auna su a can da kilo, kuma lissafin ba ya haɗuwa. Wannan gefe ya ce wancan na ha'inci a kuɗin fito, wancan ya ce sikelin wannan ne tsohon yayi. Wani minista ya shiga rediyo ya yi gatse, takwaransa ya mayar da wanda ya fi shi. Manya masu gemu da digiri suka zauna sau huɗu, suka kasa yarda a kan nauyin mota guda. Aka janye jakadu, aka toshe layin waya, aka gitta ƙarfe a bakin gada. Duk da haka kullum da yamma rediyo sai ta ce zumuncin ƙasashen biyu yana nan daram. Abin da aka bar wa mutane shi ne wata 'yar taga a ofishin gada, inda ake karɓar wasiƙa da ƙaramin ƙunshi Talata da Juma'a.

Da damina ta wuce Gwaggo ta aika takarda: a turo awo, ƙirji da ƙugu kawai, tsawo ta san shi. Amsa ta zo da rubutun Auta, layi biyu ba ƙari. Ƙirji saba'in da shida, ƙugu sittin da shida.

Gwaggo ta juya takardar, ta leƙa shagon maƙwabcinta.

"Mai Yadi, kai da kake cewa ka san awon mutanen can, zo ka karanta min wannan."

Mai Yadi mutum ne da bai taɓa cewa bai sani ba. Ya gyara tabarau, ya kalli takardar daga nesa.

"Ai wannan ba wani abu ba ne, Gwaggo. Kilo ɗaya laba biyu ne ko? To komai nasu haka yake, raba biyu kawai. Saba'in da shida, talatin da takwas. Sittin da shida, talatin da uku."

"Ka ji 'yar nema," Gwaggo ta ce, har da ɗan murmushi. "Ko inci ɗaya ba ta canza ba."

To wa zai yi shakka, tunda lamba ta faɗo daidai inda aka saba? Ta yanka shuɗin yadi mai ƙananan furanni, ta ɗinka cikin kwana biyu, ta miƙa ta taga ranar Juma'a. Bayan mako biyu amsa ta dawo: riga ta yi daidai, an gode. Gwaggo ta soke takardar a ƙusa ta ci gaba da aikinta.

Wata biyar aka yi. Ran nan tana auna wata mata tsohon tef ɗin ya tsinke a hannunta. Ta yi tsaki, ta shiga kasuwa ta sayo sabo, irin na yanzu, inci a gefe ɗaya santimita a ɗayan. Da rana ba kowa a shagon, tana jujjuya shi tana mitar ƙanƙantar lambobin, idonta ya kai kan takardar da ke ƙusa. Ta nemo sittin da shida a gefen santimita, ta danne da babban yatsa, ta juya tef ɗin.

Ashirin da shida.

Ta sake yi. Ta nemo saba'in da shida ta juya, talatin. Ta lanƙwasa tef ɗin a kan ashirin da shida ta yi zobe da shi, ta ajiye a teburin yanka tana kallo. Mai shekara talatin a kan keke ba ya bukatar likita ya gaya masa ma'anar wannan zoben. Awon yarinya ce 'yar shekara sha biyu. A manya kuwa sau uku ta taɓa auna shi, kuma biyu daga cikinsu ba su dawo karɓar ɗinkinsu ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka shigo da gawar mijinta. Awon nan ma na wata biyar da suka wuce ne.

Ta rufe shago da rana tsaka. Mai Yadi ya leƙo yana tambayar ko lafiya, ta ɗora masa tef ɗin a kan kanta ta nuna masa gefe biyun. Ya buɗe baki zai yi bayani, ta wuce abinta.

A ofishin gada akwai takardar izini ta kwana uku ga wanda ke da mara lafiya a tsallake, amma sai da shaidar likita. Jami'in da ke kan tebur bai wuce sa'an babban ɗanta ba.

"Mama, ina takardar asibiti?"

"Ba ni da ita."

"To an rubuto miki cewa ba ta da lafiya?"

"An rubuto min awo."

"Mama, awo ba ya cikin abin da aka ce mu karɓa."

Ba ta yi masa gardama ba. Ta fito da tef ta yi zoben nan ta ajiye a kan takardunsa.

"Ɗana, kana da mata?"

"Ina da ita."

"Ta haihu?"

"Sau ɗaya."

"Wannan ƙugun mace ne mai 'ya'ya biyu. Bara talatin da uku ne, da hannuna na auna."

Ya daɗe yana kallon zoben. Ya sa tafukansa biyu a gefensa, ya janye. Sannan ya jawo fom, a gurbin shaida ya rubuta wani abu da ba ta iya karantawa ba, ya buga hatimi.

"Kwana uku. In kin wuce, ni za a tuhuma."

Surukinta ne ya buɗe mata ƙofa, direban da motarsa ta shekara a fake. Da ya gan ta sai ya durƙusa ya kasa haɗa ido da ita. Auta na zaune a bakin gado cikin shuɗiyar rigar, an tattare bayanta da fil guda huɗu, wuyan ya zame har kafaɗa. Ta yi yunƙurin tashi, tari ya mayar da ita.

"Me ya hana ku faɗa?" Gwaggo ta tambayi surukin.

Ya ce ita ta hana, wai kada a tayar wa Inna da hankali tunda ba hanyar zuwa. Babban asibitin da suka saba yana wancan gefen gada, inda Gwaggo ta baro. Na ƙasarsu kuma tafiyar yini guda ne, sai suka riƙa sayen maganin tari a kanti suna jiran a buɗe gada, don kullum ana cewa mako mai zuwa.

"Na faɗa miki, Inna," Auta ta ce a hankali. "Bakina ne ya kasa, shi ya sa na rubuta awon yadda yake. Na san in kin gani kin gane. Da rigar ta zo a talatin da uku sai na ce ko ba kya son ki sani ne."

Gwaggo ba ta ɗora wa Mai Yadi laifi ba. Ta ce, "Ni ce ban iya karatu ba." Ta juya ga surukin ta ce ya nemo mota, gobe da sassafe za a tafi asibitin, yini guda ne ko yini goma.

Aka tafi. Likita ya ce ciwon huhu ne, ya yi nisa, amma akwai magani na wata shida in jiki ya karɓa. Bai ce zai karɓa ba, bai kuma ce ba zai karɓa ba. Suka kwana a hanya, suka dawo a rana ta uku da hantsi, saura 'yan awoyi takardar Gwaggo ta ƙare.

Ta ari allura da zare a maƙwabta, ta sa Auta ta cire rigar, ta juya ta ciki waje a kan cinyarta. Ta zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta kama gefe biyu ta rage da hannu, ƙananan ɗinki masu ƙarfi. Rarar inci bakwai ta fito, uku da rabi kowane gefe. Auta na kwance tana kallo. Ita ta san abin da ke biyo baya, har ta miƙo almakashi daga kan akwati.

"Ga shi, Inna. Yanke."

Gwaggo ta karɓi almakashin ta ajiye a ƙasa. Ta ninke rarar ciki, ta kwantar da ita da farce, ta bi ta da zare don kada ta dame ta.

"Zai yi nauyi," in ji Auta.

"Ki ɗauka haka."

Gwaggo ta haye gada saura minti ashirin takardarta ta ƙare.

Daga nan sai jira. Wasiƙa ta zo sau biyu da rubutun surukin, ana shan magani, da sauƙi, irin maganar da ba ta gaya wa mutum komai. Sannan aka yi mako bakwai shiru. A rediyo kuwa an kafa sabon kwamiti da zai binciki dalilin da tsohon kwamitin bai zauna ba. Gwaggo na buɗe shago kullum, tana ɗinki, Talata da Juma'a ta je taga ta dawo hannu rabbana. Mai Yadi ya daina cewa ya san awon mutanen can. Da wani ya tambaye shi mita nawa ne a yadi goma, cewa ya yi a je a tambayi Gwaggo.

Wata Talata jami'in nan ya miƙo mata ƙunshi mai laushi. Tun kafin ta buɗe ta ga shuɗi ta wata 'yar ɓula a jikin takardar. Ta san dalilin da ake mayar wa uwa da tufafin 'yarta. Ba ta buɗe a wurin ba, ta rungumo shi ta bi titin kasuwa, ana gaishe ta ba ta amsawa, ta shiga shago ta turo ƙofa.

Rigar ce, a wanke a goge. An maƙala 'yar takarda da fil a wuyanta, rubutun Auta ne, layi ɗaya: ƙugu saba'in da ɗaya, ta matse ni.

Gwaggo ta zaro tef daga wuyanta. Ta nemo saba'in da ɗaya, ta danne, ta juya: ashirin da takwas. Ta sake yi har sau uku, don ta daina yarda da lamba a kallo ɗaya. Sannan ta zauna a kan benci ta yi kukan da ta riƙe tun ranar da tsohon tef ya tsinke.

Gadar har yau a rufe take, ana ta zama. Da ta share fuska ta juya rigar ciki waje, ta ɗauko reza, ta fara warware inci ɗaya a kowane gefe. Saura biyar ta bar su a ninke.