Uwar Maƙerar da Anka Ara wa Yaya Isuhu

Shekara bakwai ke nan cif, a irin wannan lokaci na cirar albasa, da munka rufe yayana Isuhu. Kuka na yi shi har ya ishe ni. Wannan rubutu da fushi nake yin sa, kuma zan faɗi dalili dalla-dalla, wanda ya karanta ya yanke mini hukunci da kansa.

Yaya Isuhu direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya. Shekara da shekaru yana kwasar albasa daga fadamun Madawa yana kaiwa kudu. Mu ba maƙera ba ne. Manoma ne tun kakanni, gero da dawa, kuma a garinmu, kamar ko'ina cikin Adar, ƙira gado ce. Haihuwar mutum ake cikinta, ba shiga ake ba. Amma Allah ya jarabci yayana da son ƙarfe. Duk inda ya ga karyayyen rasor, wato faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, sai ya tsaya ya ɗauka ya jefa bayan kujera. Ranar kasuwa sauran direbobi suna wurin mai gashi, shi yana tsugune a rumfar maƙera, baki sake, kamar wanda anka yi wa asiri.

Wanda ya ji tausayinsa shi ne tsoho Nomau, maƙerin ƙauyen da ke tsallaken fadama da mu. Da fari korarsa yake yi. Da ya ga kora ba ta aiki, sai ya bar shi ya riƙe awartaki, daga nan masaba. Wata rana ya ce wa Yaya ya zo da jaki. Ni na bi shi, don a lokacin mijina ya rasu na komo gidan Yaya da zama. Nomau ya sa anka tono uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen nan mai faffaɗan kai da ake kafawa cikin gungume a ƙasa, wanda a kansa ake bugun komi. Biyu gare shi, ya ba da babbar. Ya ɗora hannu a kanta ya ce:

"Isuhu, wagga ta kakana ta. Ba saida maka nika yi ba, ba kuma kyauta ta ba. Ɗiyana duk sun tahi Abija, babu mai bugun ta, ƙarhe kuwa in ba a bugun shi ciwo shika yi. Ka buga ta iyakar kwananka. Ranar da hannunka ya aje masaba, ta komo gida."

Yaya ya ce, "Na ji, Baba." Ni ma na ji. Jakin ma ya ji, da yana magana.

Ya gina ƴar bukka bayan gida ya kafa ta. Ba zan yi ƙarya ba, ni ce ta farko wurin yi masa dariya. Wuƙarsa ta fari kamar harshen saniya take, ko kabewa ta ƙi yankawa. Amma ƙira tana son mai zuga, gidan kuwa babu wanda ya yarda a gan shi da zugazugi, sai na zauna. Shekara goma sha ɗaya ina matsa fatun awakin nan, mutane suna leƙe ta danga suna cewa ga Hajo ta zama maƙerin mata.

"Hajo, zuga nic ce, ba hihita ba!"

"In ba ta yi maka ba kira kamiyonka ya hura maka."

Haka muke yini. Da tsakar rana yakan ja ƙofar bukka ya rufe, mu zauna cikin duhu da zufa, don a cewarsa rana tana yi wa ido ƙarya game da launin ƙarfe. In ya yi fari-fari ya ƙone, in ja ne mai duhu bai nuna ba. Akwai wani ja a tsakani, shi yake jira, ya tsoma wuƙar cikin baƙin man mota ta yi ƙara. Sannan ya ɗora bayanta bisa garwashi a hankali, har bakinta ya ɗauki launin busasshen kara, ya janye. Yakan ce nan ran wuƙa yake, kuma duk wutar da ta sake taɓa ta bayan wannan ta kashe ta.

Bai taɓa saida ko ɗaya ba. Bai kuma taɓa ƙera hauya ko kalme ko gatari ba, ko da an roƙe shi. Yakan ce wannan abincin gidan Nomau ne, shi ba ya sa hannu a tuwon wanda ya koya masa. Ƙananan wuƙaƙe kawai yake yi, masu ƙota ta itacen aduwa, ya raba wa matan da ke yankan lawashi a fadama.

Kada wani ya ce na mai da yayana waliyyi. Taurin kai gare shi kamar baƙin dutsen Keita. Gonarmu ta sha haki saboda bukkar nan. Sau ɗaya tartsatsi ya cinye dangar maƙwabci har da rumbun wake, kwana uku ana ba da haƙuri. Kuma ɗansa na fari, Lawali, ya sha wuya a kan abin da bai jawo ba. A lakwal, wato makarantar boko, ana kiransa ɗan maƙerin ƙarya. Da ya je neman aure, kawunnan yarinyar sunka tambaya a gaban jama'a, "To, ku ɗin maƙera ne ko mi?" Ya komo ya yi ƙwallo da buhun gawayi, uban ko kai bai ɗaga ba. Na san wannan ciwo, ban raina shi ba. Amma ciwonka ba ya halatta maka kayan wani.

Jinyar Yaya ba ta yi tsawo ba. A asibitin Madawa, da la'asar, ya kama mini wuyan hannu ya ce, "Hajo, uwar maƙerar Nomau." Na ce na ji. Da anka yi sadakar bakwai, Lawali ya sa wa bukka kwaɗo ya jefa mabuɗi aljihu ya koma Tawa, inda yake aikin biro, wato ofis. Na yi masa magana, ya ce, "Tanti, bari a huce tukuna." Tanti. Yaron da na goya yana ce mini Gwaggo da majina a hanci, yau na zama Tanti.

Anka huce shekara ɗaya, anka huce biyu. A ta uku Nomau ya rasu. Bai taɓa aiko kowa ba, bai taɓa tambaya ba. In mun haɗu a kasuwa sai ya gaishe ni ya tambayi jikina ya wuce. Wannan shirun nasa shi ke hana ni sakewa har yau. Kuma a nan fushina ya fi yawa a kaina. Gidan ya zama na Lawali, hatsin da nake ci shi ke aikowa, sai na bar cikina ya rufe mini baki. Ni da ake cewa ba a gama magana da ni.

Bayan haka Arzika, ɗan Nomau, ya komo daga Abija da furfura da iyali, ya tada rumfar ubansa. Ƙaramar uwar maƙerar kuwa, ƙanensa ya ɗauke ta zuwa wajen Tabotaki, shi sai ya kafa guntun ƙarfen gindin mota yana bugu a kai, abin na tsalle yana kauce masa. Sau biyu yana zuwa gidanmu lokacin Salla, da ladabi, ya cire takalmi tun daga zaure. Lawali ya bar shi a tsugune, ya ce, "Ina takarda? Abin da na tarar gidan ubana gado na. In aro na, a nuna mini inda anka rubuta."

Takarda! Nomau da Isuhu, wa ya iya riƙe alƙalami cikinsu? Ni kaina sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi da jikokin wasu suna leƙe ta taga. To, Lawali, ga takarda. Ni Hajo ina wurin, na gani, na ji, na rubuta.

Abin da ya ƙarasa ni, watan jiya na je Tawa sunan ɗiyar Lawali. Tun daga bakin titi na hango sabuwar ƙofar gidansa ta ƙarfe tana walƙiya. Da na matso sai na gane abin da ke walƙiyar. Masabar Yaya ce a jikin ƙofar. Awartakinsa ne, an ware bakinsa an liƙe shi da walda, ba zai sake kama komi ba har abada. Wuƙaƙe shida na ƙarshe da ya ƙera, waɗanda bai samu rabawa ba, an jera su kamar haskoki na rana, an bi kowace da wutar walda, an shafe duka da fenti ruwan zinariya. Ashe ya zo ya buɗe bukka ya kwashe lokacin da na tafi gaisuwar mutuwa Sabon Gida.

Abokan aikinsa suna tsaye suna ɗaukar hoto da salula. Ina jin sa yana ce musu, "Tsohona artizan na, babban gwani. Ya kamata mu riƙe al'adunmu."

Na ce, "Lawali, wane ne ya yi wa ubanka wanga aiki?"

Ya yi dariya. "Ya yi kyau ko, Tanti? Saura babbar. Na sa magini ya yi mata dakali na siminti tsakar gida, kahin Salla za a ɗauko ta a dasa."

Ban ci abincin sunan ba. A mota ina ta tambayar kaina, da Yaya zai tashi ya tsaya gaban ƙofar nan, mi zai ce? Na san shi. Ba zai yi faɗa ba. Zai sa babban yatsa ya gwada bakin wuƙa ɗaya, ya ji ta mutu, ya juya. Yana da rai an mai da shi abin kunya, ya mutu an yi ado da shi. Zamanin da muke ciki ke nan, ana son a rataye aikin hannu a bango, ba a son warin gawayi a riga. Wuƙaƙe da masaba na Yaya ne, ɗansa ya yi yadda ya so da su, Allah ya isa kawai zan ce. Amma a zuba wa kayan kakan Nomau siminti, alhali jikansa yana fama da guntun ƙarfen mota? Ba ina numfashi ba.

Washegarin komowata, da hantsi, na ɗauki gatari na sare kwaɗon. Ban ɓoye ba, maƙwabta suna kallo. Gara ta cinye zugazugi, rufin ya zube gefe ɗaya. Na tona gindin gungumen, na girgiza, na tona, har ta fito. Na yi gammo, mata biyu sunka aza mini. Na yi shekaru ina ɗaukar duwatsu a kai lokacin aikin tare ruwa a tsaunuka, amma wannan karon wuyana ya san na tsufa. Sau huɗu ina sauke ta kafin in ƙetare fadama. Matan da ke yankan lawashi sunka miƙe tsaye, babu wadda ta tambaye ni ina za ni. Ɗaya ta bar aikinta ta bi ni da butar ruwa.

Arzika yana bugu na shiga rumfa. Na sauke ta gabansa na ce, "Ga amanarku. Ta yi latti da shekara bakwai, laihin nawa na." Ya ajiye masaba. Ya sa gefen rigarsa ya goge tsatsar kanta, ya ɗauki masaba ya ɗan taɓa ta sau ɗaya, ya saurara.

"Lahiya lau take, Gwaggo," ya ce. "Tsatsar sama ta. Sati guda na bugu ta hita."

Lawali ya kira ni a waya ranar, yana cewa sata ce, zai kai ni jandarma. Ya ce kuma in nemi inda zan zauna. Na riga na nema. Ina ɗakin ɗiyata yanzu, tabarma ɗaya, kuma ban taɓa barci mai daɗi irin na kwanakin nan ba. In jandarma sun zo, ba sai sun sha wuyar nema ba.

Mi ya rage na Yaya Isuhu bayan shekara bakwai? Kamiyon ya daɗe da zama na wani. Bukkar ba za ta ga damina biyu ba. Amma ku je fadama yanzu ku duba hannun tsofaffin mata. Wuƙaƙensa suna nan, wasu wasawa ta cinye su sun koma kamar tsinke, ƙotar ta yi baƙi da zufa, kuma mai wuƙar ko ɗiyar cikinta ba ta ba aro. Ya rage kuma ya ce "na ji" gaban dattijo, kuma maganar ta cika, ko da a makare, ko da a kan wuyan tsohuwa.

Kai kuwa Lawali, abin da ke jikin ƙofarka riƙe shi, babu mai karɓe maka. Kai ka zaɓi rabonka daga ubanka. Allah ya yi wa Isuhu da Nomau rahama, ya sanyaya makwancinsu. Ni kuma ya yafe mini shirun da na yi, don shi ne zunubin da na sani.