Koren Ɗinki a Gindin Bindigar Baba

Bindigar babanmu ta girme ni, kuma ta fi kowa a gidanmu jawo magana a ƙauyenmu, can gefen Kanambakashe. Doguwa ce mai nauyin tsiya, ta soja, ba irin ta maƙera da ake ɗura wa albarushi ba. Baba ya ce wani Buzu, abokin farautarsa, ya ba shi kyauta. Mutanen gari suka ce haba, wa ke kyautar irin wannan? Buzun ya rasu, sai ga bindiga a kafaɗar Baba, shi ke nan suka yanke cewa a kan gawa ya ɗauke ta. Har Baba ya koma ga Allah ba wanda ya iya faɗa masa a ido. Inna ce ta sha habaici a bakin rijiya, shekara da shekaru.

Da aka yi shela cewa duk mai bindigar soja ya miƙa wa jandarma, Inna ta kira ni.

"Kafin ka kai ta, ka binciko mini gaskiya," in ji ta. "Ba na so in tarar da ubanka ina zarginsa."

Maganar nan ta soke ni ƙwarai. Ashe ita ma zancen ya shige ta!

Na ɗauki hotunan bindigar, na nuna wa abokin aikina a lakwal, wato makarantar da muke koyarwa a Tasawa, mai koyar da tarihi, mutum mai tone-tonen bala'i. Ya ga wasu haruffa biyu cikin ɗan akwati a jikin ƙarfen, ya duƙufa kan wayarsa har shayinsa ya huce. Ya ce hatimin sojan Finlan ne, kuma ba na jabu ba, don lambar da ke kan bututun ta yi daidai da ta sauran sassan. Finlan fa! Ƙasar da ruwa ke daskarewa, ga kayanta a jingine bayan rumbun geronmu. Na yi masa godiya, amma wannan bai amsa tambayar Inna ba.

Wani tsohon maharbi a kasuwar Urafan ne ya sa ni hanya. Ko kallon ƙarfen bai yi ba, fatar da aka naɗe gindin bindigar da ita ya ƙura wa ido.

"Ɗana, fata biyu ce nan, ja a ƙasa, kore a sama, duk ɗinkin Buzaye. A cikin jar akwai layar mai ita na fari. Maharbi ba ya barin layar wani a bindigar da ya saya ko ya tsinta, yanke ta yake yi, kar ta juyo kansa. Sai in mai ita ne ya bayar da hannunsa, shi ne ake rufe tsohuwar da sabuwa. Nemi wadda ta yi ɗinkin."

Na warware fatun a hankali, na hau kabu-kabu, ina tambaya zango-zango, har na sami matar Buzun a arewacin Mayahi. Ta tsufa tukuf, idon ma ya tafi. Na gaishe ta, na ɗora mata fatun a tafin hannu. Ta bi ɗinkin da yatsa, sai ta yi dariya.

"Aikina ne. Jar ta aurenmu ce. Koren kuwa da ciwo ya ci ƙarfin maigidana ya sa ni ɗinkawa. Ya ce bindigar ta Bahaushen nan ce, wanda ya goyo shi tun daga daji ranar da maciji ya sare shi."

"Iya, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Muna gama zaman makoki muka tashi daga yankin."

Wallahi sai da na yi hawaye. Na roƙe ta ta maimaita, na naɗi muryarta a waya, na yi ta sa mata albarka har ta ce ya isa haka.

Bindiga dai na miƙa ta, fatun suna wurina. Inna ta saurari muryar, ta ce in sake kunnawa, ta ce Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa baiwar Allah nan da Aljanna. Sannan ta yafa mayafi, ta karɓe wayar daga hannuna. Matar da ciwon gwiwa ya hana ta leƙa ƙofar gida!

"Inna, ina zuwa?"

"Rijiya," ta ce. "Yanzu ne mata suke cika."