Lasisin Mogaka Ya Fito ta Ƙarƙashin Ƙofa

Ka san takarda nawa ake nema a hannun mutum kafin a yarje masa ya maƙala ƙararrawa a ƙofar wani? Goma sha ɗaya. Mogaka Onsongo ya san su kamar 'ya'yan cikinsa, har wadda ta fi saurin mutuwa ya sani.

A tsaunukan Kisii aka haife shi, cikin gonar ayaba. Yana ɗan shekara tara ya kwance rediyon babansa ya mayar, ƙusa biyu suka yi saura, rediyon kuma ya ci gaba da magana. Ya zo nan Nakuru da jaka ɗaya, ya yi shekara goma sha huɗu yana aikin ƙaramar wuta: kyamarar tsaro, ƙararrawar ɓarayi, makullin kati. Kyamara dubu ɗaya da ɗari biyu da shida ya ɗaura, ya faɗo daga tsani sau uku. Duk a ƙarƙashin lasisin maigidansa, tsoho Kiplagat, kamar yadda rabin masu sana'armu ke yi, aiki naka, suna na wani. Sai tsohon ya ce gwiwoyinsa sun gaji, ya koma ƙauye wajen shanunsa, lasisin ya bi shi.

A daidai lokacin Mama Nduta, mai sabon bene mai ɗaki arba'in da takwas, ta ce Mogaka take so ya yi mata aikin gidan gaba ɗaya. Masu inshora suka ce sai mai lasisi. Ta ba shi zuwa ƙarfe biyar na yammacin Juma'ar ƙarshen wata. In ya wuce, akwai kamfanin Nairobi da har kalanda ya aiko mata. Aikin wata takwas ne. In ya kuɓuce, Mogaka zai koma neman wanda zai ɗauke shi aiki yana da shekara arba'in da ɗaya.

Ofishin lasisi a can sama yake, matakala sittin da huɗu. Sau tara ya hau kafin wannan Juma'ar, ka lissafa, ɗari biyar da saba'in da shida. Takardar 'yan sanda ta ƙare yana jiran ta haraji, ta haraji ta ƙare yana jiran sabuwar ta 'yan sanda. A zuwa na bakwai ya samu duk goma sha ɗayan da rai a rana guda. Saura tambayoyi goma na baki da baki a gaban Madam Jeptoo, shugabar ofishin, sai hatimi. Sau biyu ana ɗagawa.

To, ƙofar ofishin Madam ta maganaɗisu ce: daga waje kati ke buɗe ta, daga ciki maɓalli. Maɓallin ya mutu tun watan Maris. Kati ɗaya ya rage a ginin, yana wuyan Wafula mai gadi, in Madam za ta fita sai ta buga masa waya ya zo ya buɗe ta. Gyaran bai kai minti biyu ba, amma sai kamfanoni uku sun kawo farashi, kwamiti ya zauna. A bango kuma ga sanarwa da sa hannunta: duk wanda ya taɓa kayan wutar ginin nan ba lasisi, an hana shi neman lasisi shekara uku.

Ranar Juma'a su goma sha bakwai ne a benci, kowa da jakar kayan aikinsa a cinya, suna kallon ƙofar kamar masu azumi a gaban kanti. Ƙarfe sha ɗaya Wafula ya manna takarda cewa an ɗage tambayoyi zuwa wata mai zuwa. Ba wanda ya tashi, ko Allah zai sa a canza shawara. Mogaka ya zauna yana ƙirga abin da ya samu. Shayi kofi uku aka shigar wa Madam. Ƙarfe sha biyu aka kira Wafula cewa surukinsa ya rasu a Bungoma, ya ruga tasha, katin na lilo a ƙirjinsa.

Ƙarfe uku da kwata aka fara bugun ƙofa daga ciki. Bayan gida a ƙarshen baranda yake.

Madam ta tambayi waye a waje, aka ce mata mutum goma sha bakwai. Ta ce ɗaya ya buɗe ta. Wani Kinyua, mai yawan surutu, ya zabura da sukudireba, Mogaka ya riƙe masa riga ya nuna masa kyamarar da ke kusurwa.

"Wannan ai ta ado ce, ɗan gonar ayaba," in ji Kinyua.

"Ni na ɗaura ta. Har ƙurajen gemunka take ɗauka, kuma Nairobi take aikawa."

Kinyua ya koma ya zauna. Madam ta ce ita dai ba ta ga komai ba. Mogaka ya matsa bakin ƙofa, cikin ladabi ya karanta mata sanarwarta daga farko har ƙarshe, har da kwanan wata. Ta kira Wafula, ya ce motarsu ta wuce Eldoret. Sai ƙarar takalminta tana kai da komo. Taku huɗu zuwa, huɗu dawowa.

Can ta tambaya wa ke da cikakken fayil a cikinsu. Mutum goma sha shida suka sunkuyar da kai.

"Onsongo, matso. Tambaya ta ɗaya."

Haka aka yi jarrabawar, ita a ciki, shi a durƙushe da kunne a jikin ƙofa. Ta farko ta karanta a natse. Ta huɗu a tsaye ta yi ta, ana ji. A ta bakwai ta tambayi me ake yi in makullin maganaɗisu ya ƙi saki, Mogaka ya ce hanyoyi biyar ne, ya fara da tarihin ta farkon.

"Ɗaya ta isa, bawan Allah."

"Madam, takarda ta ce a kawo duka."

Ya kawo duka. Ta takwas, ta tara da ta goma a numfashi ɗaya ta haɗa su. Aka ji hatimi ya sauka har sau biyu, lasisi ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa. Mogaka ya ɗaga shi ga haske, ya duba gaba da baya, ya tura mata shi ciki, ya ce ba ta sa kwanan wata ba. Abin da ta faɗa da yarenta ba na rubutawa ba ne, amma ta sa.

Ya linke takardar ya sa a aljihun gaba, ya hau benci, ya ɗaga silin, ya zare waya ɗaya daga kan batir. Daƙiƙa arba'in. Madam ta wuce su ba ta dubi kowa ba. Ya mayar da wayar yadda ya same ta, maɓallin kuwa bai taɓa ba, tunda kwamiti bai zauna ba.

Yana ɗaure jaka ta dawo, ta tarar da mutum goma sha shida a tsaye sun riƙe mata ƙofa, Kinyua a gaba yana cewa, "Bismillah, Madam, shiga ki huta. A ƙaro shayi?" Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta jawo kujera ta tokare ƙofar.

Mogaka ya sauka bibbiyu, taku talatin da biyu, ya haye babur. Biyar saura minti goma sha tara ya ajiye lasisin a gaban Mama Nduta. Ta juya shi, ta tambayi me ya sa ƙura a gefe ɗaya. Ranar Litinin ya fara da ɗaki na ɗaya.

In ofishinku na da irin wannan ƙofa, gobe kafin ka bari ta rufe da kai, danna maɓallin fita tukuna, sannan ka sha shayi. Daƙiƙa biyu ce, don Allah ka gwada.