Malam Barmo Tahiru, Wanda Ya Ƙi Ƙone Kututture

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Malam Barmo Tahiru a shekara ta 1961 a Garin Rabo, wani ƙaramin gari a yankin Cadawa. Mahaifinsa Tahiru manomi ne da ake kwatance da shi wajen sassabe, domin ko tsinke ba ya bari a gona, mahaifiyarsa kuwa sunanta Lantana. An sa shi lakol, wato makarantar boko, a 1968, amma zama bai karɓe shi ba. Aji huɗu ya yi ya gudo, da ya tasa kuma sai ci-rani, bana Gazawa, baɗi Katsina, har gida aka daina tambayar inda yake.

Rasuwar mahaifinsa

A 1984, ana tsakiyar fari da yunwa, Allah ya karɓi ran Tahiru. An haƙa kabari, aka nemi itacen da ake jerawa kafin a tura ƙasa, aka rasa, domin sassabe da gatarin masu neman na abinci sun share dajin ƙaf. Ga gawa a ajiye, ga rana tana yi, ala tilas aka zare itatuwan rufin ɗakin Lantana aka rufe mijinta da su, ita kuma ta yi takaba a ɗaki buɗe. Wannan kunya ta tsaya wa Barmo a rai, ya yi alwashin ba za a sake kware ɗaki a garin don a binne wani ba.

Aure da noma

Ya auri Salamatu 'yar Malam Abdu a 1986. A bazarar wannan shekara ya ƙi ƙone kututturen sabara da kalgo da ke gonarsa kamar yadda aka saba. Sai ya bar wa kowanne toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran. A zamanin, gona fes ita ce mutuncin magidanci, don haka aka laƙaba masa ragwanci, har surukinsa ya aiko a ji ko gatari ne ba shi da shi, a ba shi aro. Ragwanci kuma, ga mutumin da ko tuwo a tsaye yake ci! Da itatuwan suka kai kaurin hannu, masu neman makamashi suka sare su, ya sake reno, aka sake sarewa, sai ya fahimci gona ɗaya ba ta iya tsare kanta.

Kwamitin gari

Daga 1993 ya shiga bin gida gida da ruga ruga, yana lallashi yana faɗa, domin ba shi da haƙuri ko kaɗan, har manoma da mata masu itace da makiyaya suka kafa kwamitin tsaron itatuwa. Ƙa'idarsu ita ce a sari reshe da izinin mai gona, gindi ba a taɓa shi, in kuma an yi rasuwa a yanko rassa daga gonar da ta fi kusa. Sannu a hankali rairayi ya daina binne shuka, gero ya samu ƙarfi a ƙarƙashin gawo, masu zaginsa a da suka koma tambayarsa yadda ake datsa.

Tsufa

Duk da haka hankalinsa bai taɓa kwanciya ba. Da masu gawayi suka fara zawarcin matasan gari su saro musu itace wajen 2015, sai ya tsananta zagaye, da gwiwa ta gaza ya koma bisa amalanke. In 'ya'yansa sun roƙe shi ya huta, amsarsa guda ce: "Ni dai kada a zare rufin Salamatu saboda ni."

Rasuwa

Malam Barmo ya rasu ranar wata Laraba cikin watan Afirilu na 2023, bayan gajeriyar jinya. Ba tare da an yi shela ba, magidanta suka riƙa isowa makabarta kowa da reshe daga tasa gonar, har aka rufe shi ba a taɓa itacensa ko ɗaya ba, ragowar aka jingine don mai bi masa. Ya bar 'ya'ya biyar: Tahiru, Usman, Zulai, Saliha da Ihsan. Salamatu ta yi takabarta a ɗakinta, rufinsa cikakke.