Kofin Ruwan Bahar

"Yalla, maza sha mu gani."

Haka Baba ya ce wa Sule, ya miƙa masa kofin ruwan Bahar Maliya. Ni kuwa ina laɓe bayan labule a gidanmu na unguwar Hindawiyya, kusa da baharin.

Aurena Sule ya zo nema. Bahaushe ne, amma a wani gari mai nisa, Mwanza, ya tashi. Laifinsa, ya ce garinsu na bakin wani bahar, jirgin ƙasa na shiga cikin jirgin ruwa a haye da shi, kuma ruwan ake ɗiba a sha.

Baba ya ce ba ya ba maƙaryaci 'ya.

Sule ya ce, "Baba, namu tafki ne, ba gishiri."

"Tafki da jirgi? Sha."

Bawan Allah ya kafa kai ya shanye, idanu jajir.

Baba ya ce, "Halas, shi ke nan. Zancenka ban gane ba, amma na ba ka."

Jiya jikata ta nuna min Mwanza a waya. Ruwa dai na gani, ban ɗanɗana ba. Wanda ya taɓa sha ya faɗa min: gaskiya tsohon mijin nan nawa ya faɗa, ko a banza ya same ni?